Falmaran ɗin Audugar Rimi

Ranar Litinin aka raba mana takardar, bayan darasin labarin ƙasa. Shekara ta biyu ke nan da fitowar naira, ina ajin ƙarshe a kwalejin horon malamai, 'yar jeka-ka-dawo daga gidanmu da ke Kusfa, cikin birnin Zariya. An zaɓi ɗalibai goma sha biyu da za su tafi duwatsun Mambila. Kwana goma za a yi ana tafiya a ƙasa, kowa da kayansa a baya, inda rana ta faɗi a kafa tanti, a auna tudu da kwari da rafi, a dawo a rubuta rahoto. Da sakamakon jarrabawa aka yi zaɓen, shi ya sa aka rasa yadda za a yi da mu mata biyu da muka faɗo ciki: ni da ƙawata, wata doguwar yarinya 'yar Wusasa, ɗiyar wani akawu.

Malamin da zai ja tafiyar bai daɗe da dawowa daga Ingila ba. In za a faɗi gaskiya, ya iya koyarwa. Shi ya koya mini duba taswira har in ga dutse a tsaye a kan shimfiɗaɗɗiyar takarda. Amma ya riga ya yanke a ransa cewa hawan dutse ba na mata ba ne. Bai taɓa faɗa da bakinsa ba, takarda ya bari ta faɗa masa.

Sharuɗɗa biyu ne a cikinta suka fi tsauri. Na farko, kada kayan kowa su wuce laba talatin a sikeli. Na biyu, dole kowa ya zo da rigar sanyi mai cushe a ciki, ba suwaita ba, ba bargo ba, kuma wanda bai kawo ba ranar duba kaya ba zai hau mota ba. Kwalejin tana da irin waɗannan riguna a sito, guda goma cif. Kafin mu gama karanta takardar an riga an rubuta sunayen maza goma a kansu.

Na ɗaga hannu na ce, "Malam, mu fa?"

Ya ce, "Na maza ne, sun yi muku yawa. Ku nemo naku. Kuna da kwana goma sha shida."

Ƙawata ba ta sha wahala ba. Yayanta ya taɓa zuwa karatu ƙasar sanyi, ya bar wata a gindin akwati, mahaifiyarta ta rage mata hannu. Mu kuwa a gidanmu, in an ce kayan sanyi, to gwado ake nufi da kaskon wuta.

Ranar Asabar ƙawata ta raka ni Sabon Gari wurin 'yan gwanjo. Muka bi rumfa-rumfa har rana ta take, sai can muka tarar da wani dattijo mai furfura yana zaune a kan dila. Da ya ji abin da muke nema sai ya dube mu ya ce, "'Yan mata, wace ƙasa za ku haka?" Muka faɗa masa. Ya kaɗa kai, ya shiga ciki ya fito da riguna uku.

Ta farko kwat ne na soja, na ulu, ya sauko mini har idon sawu. Da na sa shi sai na ji kamar an aza mini buhun gero.

Ya ce, "Wannan ko ruwa ya jiƙa shi ba ya daina ɗumi. Amma fa in ya jiƙe, sai dai ki nemi jaki."

Na cire. Shi kaɗai zai cinye mini sulusin nauyin da aka yarje mini.

Ta biyu wata ce mai sheƙi kamar leda, ja wur, ba komai a cikinta. Ƙawata ta so ta don kyau. Ni da na sa ta na ɗan yi taku goma, gumi ya fara tsiyaya a bayana. Dattijon ya ce iska kawai take tarewa, in na tsaya gumin nan zai huce a jikina, in fi wanda bai sa komai ba jin sanyi.

Ta ukun ita ce irin wadda Malam yake nufi. Shuɗiya ce, kumburarriya, in ka ɗaga ta kamar ba ka ɗauki komai ba. Gashin agwagwa ne a cikinta. Sai dai ta ga duniya. Ta tsage a hammata da gadon baya, gashi yana bin iska duk inda aka taɓa, rabin cikinta ya zube, ga wani wari kamar an buɗe akurki.

Ya ce, "Da sabuwa ce, ita ce uwarsu duka. Amma ko sabuwar ba ta shiri da ruwa. Kin taɓa ganin kazar da ruwa ya ba kashi? To haka take komawa."

Ban saye ta ba, amma na daɗe ina riƙe da ita. Ina matsa inda gashin ya rage, in na saki sai ya taso a hankali ya cika. Hannuna ya san wannan tasowar. Tun ina rarrafe nake matsa abin da ke yin haka, a zauren gidanmu.

Ranar Litinin Malam ya kira ni ofis. Cikin taushin murya ya tambaye ni ko na samu. Na ce tukuna. Ya ce ba abin kunya ba ne in ban samu ba, akwai wani ɗalibi da ke bi na a maki, yana da rigar da kawunsa ya ba shi, in na janye tun da wuri sai a sa sunansa, ba a fafe gora ranar tafiya.

Na ce, "Malam, ranar Laraba ta sama ka ce za a duba kaya, ko an canja?"

Ya ce ba a canja ba.

Na ce, "To sai Larabar."

Na fito a fusace. Tun daga bakin kwalejin har gida a ƙasa na taka, ban ma tuna da mota ba.

Sana'ar gidanmu ɗinkin katifa ne da matashi. Mahaifina ya gada daga mahaifinsa. Da bazara, in 'ya'yan rimi suka fashe, matan ƙauyukan da ke kewaye da birni sukan tsinto audugar su kawo mana buhu-buhu, a jibge a ɗakin zaure har rufi, a yi ta aiki da ita shekara guda. Ba inda ba ta shiga. Tana cikin tuwonmu, tana cikin littattafaina, tana manne a ɗankwalina. A kwaleji kullum sai na tsaya a bakin ƙofa na kakkaɓe jikina kafin in shiga, don kada a tambaye ni. Ban da ƙawata, ba wanda ya san abin da ubana yake yi.

Na tarar da shi a zaure da basilla a hannu. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka ba ya kiran sunana, Uwata yake ce mini. Da ma ya riga ya sha surutun dangi a kan tafiyar nan. Ya ce musu tunda da malamar jinya za a tafi, kuma ƙwaƙwalwata ce ta ba ni gurbin, ba shi zai hana ni ba. Na durƙusa na zayyana masa komai, har da rigar agwagwa da yadda take tasowa. Ya saurara bai ɗago ba, sai da ya kai ƙarshen layin da yake ɗinki.

Ya ce, "Uwata, wato agwagwa ce za ta kai su, ke kuma rashin agwagwa ya zaunar da ke?"

Na ce haka ake nufi.

Ya soke basillar a jikin katifa ya ce, "Ɗauko mini magwajin can."

Rigar farko da muka yi abin dariya ce. Baba bai taɓa ɗinka abin da mutum zai sa ba, sai abin da zai kwanta a kai. Ya yanka yadi ya haɗa a keken maƙwabcinmu tela, ya dinga danna auduga da sanda yadda ya saba, har ta yi tauri. Da na sa ta, hannuwana suka tsaya a sama kamar mai shirin tashi, na kasa sunkuyawa, na kasa juya wuya. Inna ta fito daga madafa ta gan ni, ta yi dariya har ta zauna a kan turmi tana share hawaye. Baba ya ɓata rai. Kwana biyu ke nan sun tafi a banza.

Washegari da sassafe na gan shi tsaye a tsakar gida yana kallon kajin Inna. Sanyi ya fara shigowa, duk sun takure a gindin bango, kowace ta buɗa gashinta ta zama kamar ƙwarya. Ya kira ni ya nuna mini.

Ya ce, "Dubi can. In ta ji sanyi ba matse gashin take yi ba, sake shi take yi. Ashe ba gashin ne ɗumin ba, iskar da ke tsakaninsa ce. Ni na kori iskar da sanda. Warware ta."

Muka warware. A karo na biyu ni na zaɓi yadin. Na waje kaki ne mai matsattsiyar saƙa, don ya tare iska kuma kada ƙaya ta yage shi. Na ciki akoko ne da Inna ta wanke sau uku har ya yi laushi. Ni da ita muka zauna muka tsince 'ya'yan da ke cikin audugar ɗaya bayan ɗaya, muka bubbuge ta har ta tashi kamar kumfa. Audugar rimi tana da santsi, in an bar ta duk sai ta gangara ƙasa ta taru wuri ɗaya. Saboda haka Baba ya ɗinka rigar gida-gida kamar gurbin dara, kowane gida ya sa masa ɗan abin da yatsu uku za su ɗauka, ya rufe. Na ce a rage a kafaɗa, inda igiyar jaka za ta zauna. Na ce a ƙara tsawo ta baya ya rufe ƙugu, a ɗaga wuya ya kai haɓa. Duk ya yi.

A kan hannu muka saɓa. Shi ya ce a sa mata hannu har wuyan hannu. Ni na tuna yadda ta farko ta ɗaure ni, na ce falmaran nake so, ƙirji da baya kawai, in sami damar hawa da riƙe sanda.

Ya ce, "Uwata, hannu ma jiki ne."

Na ce in ƙirji ya yi ɗumi sauran jiki zai bi, haka na karanta.

Ya ce, "To, ke ce mai karatu."

Da aka gama, na ce sai na gwada ta da kaya. Na cika jakar baya da yashi, bayan sallar asuba muka fita, ni a gaba shi a baya da carbinsa. Muka bi ta lungu har Ƙofar Kuyambana, muka fita bayan ganuwa muka miƙe hanyar gonaki. Masu shigowa da itace da nono suna tsayawa suna kallona, mace da lulluɓi, ga wata kumburarriyar riga, ga buhu a baya, ga dattijo yana bin ta. Wata tsohuwa ta tambayi Baba ko lafiya. Ya ce mata lafiya lau, dutse za ta hau. Da muka dawo hammatata ta yi ja saboda guga, ya ƙara faɗin wurin. Kwana uku muna yin haka.

A rana ta ƙarshe ya tsayar da ni a zaure, ya tsinko 'yar auduga ya kusantar da ita ga garwashin da yake jin ɗumi. Kafin in ƙifta ido ta yi fuu, ba ko toka.

Ya ce, "Kin gani? Ruwa ba ya cin ta, amma wuta ba ta mata sallama. In kina sanye da ita, tsakaninki da murhu taku biyar."

Ranar Laraba aka rataye sikeli a reshen mangwaro a filin kwaleji. Maza goma suka jeru, kowa da rigar sito, masu kauri, masu nauyi, launin ƙasa. Ɗalibin nan da ke bi na a maki shi ma yana gefe da jakarsa a ɗaure, an ce ya zo ko da wani abu. Aka duba ƙawata ta wuce. Da aka zo kaina, na kwance ƙullin zane na fito da falmaran na sa.

Sai wani daga baya ya ce, "Jama'a, katifa ta zo!" Fili ya ɗauki dariya.

Malam bai yi dariya ba. Ya zagaya ni, ya sa yatsa ya danna kafaɗata. Ya ce, "Wannan mece ce?"

Na ce, "Rigar sanyi ce mai cushe a ciki."

"Daga wane kanti?"

"Daga zauren gidanmu, Malam. Ubana mai ɗinkin katifa ne a Kusfa, shi ya yi ta. Audugar rimi ce a ciki."

Wannan ne karo na farko da na faɗi haka a kwalejin, kuma da ƙarfi na faɗa, don na bayan ma su ji.

Ya ce ba ta da hannu. Na zaro takardarsa daga aljihu na karanta sharaɗin da Turancin da ya rubuta shi, kalma bayan kalma. Na ce ban ga inda aka ce hannu ba, ban kuma ga inda aka ce kanti ba. Ya ce ba wasa za mu je ba, can sama ruwa yana sauka ba shiri, ba zai ɗauki alhakin abin da ba a taɓa gwadawa ba.

Na ce, "To a gwada."

Na roƙi ƙawata ta ɗauko bokitin da ake ban ruwan fure. Da ma na zo da ragowar auduga a aljihu saboda gyara. Na ɗebi cikin hannu na danna ta har gindin bokitin, na riƙe, na ƙirga ashirin a fili, na saki. Ta taso ta zauna a kan ruwa. Na ɗauke ta na yarfe, na miƙa masa. Ya murza ta a tsakanin yatsunsa, a bushe take.

Na ce, "Malam, ko za a tsoma ɗaya daga cikin na sito mu gani?"

Ba wanda ya miƙa tasa. Malam ya daɗe yana kallon audugar. Daga nan ya ce sai dai in rubuta da hannuna cewa ni na zaɓi rigar, duk abin da ya same ni ni na jawo. Na ce a ba ni alƙalami. Na rubuta a kan gwiwata na sa hannu. Aka rataya jakata a sikeli da falmaran a ciki, ta fi ta kowa sauƙi. Ɗalibin da ke jira ya ɗauki kayansa ya juya. A ranar ko a jikina. Yanzu in na tuna yadda ya saɓa jakar nan ya tafi, nakan ji wani iri, don shi ma ba shi ya tsara abin ba.

Kwana uku muka yi a mota kafin mu hau. Wanda bai je ba ba zai gane ba. Ƙasa ce ta ciyawa, tudu bayan tudu, ba itace sai a kwari, iska kuma ba abin da ke tare ta. Da rana muna tafiya har gumi muke yi. Amma da rana ta karkata sai sanyi ya fito kamar daga ƙarƙashin ƙasa, da asuba kuwa raɓa ta jiƙa tanti sharkaf, gajimare ya sauko har ba ka ganin wanda ke gabanka.

Falmaran ta yi aikinta. Ƙirjina da bayana kamar ina ɗakin Inna. In muna hawa na ji zafi sai in ɓalle maɓallai, yayin da mazan sai sun tsaya sun sauke jaka sun cire nasu sun ɗaure a baya. Amma Baba ya fi ni gaskiya. Safiyar farko, da na zo ɗaure igiyar takalmi, yatsuna suka ƙi lanƙwasuwa. Daga kafaɗa zuwa farce kamar ba nawa ba. Na kasa riƙe fensir. Na koma cikin tanti na sa hannuwa a hammata, hawaye yana zubo mini don haushi.

Ƙawata ta dube ni ta ce, "Ki faɗa wa malamar jinya mana."

Na ce, "In faɗa mata ta faɗa masa? Gara hannun ya guntule."

Sai ƙawata ta buɗe jakarta ta fito da dogayen safa na ulu da mahaifiyarta ta saƙa mata, ta ɗauki reza ta yanke bakin yatsun, ta zura mini su tun daga wuyan hannu har damtse. Na mayar da rigata mai dogon hannu a kai, na ɗora falmaran. Har muka sauko ba wanda ya san safa nake sawa a hannu. Ita kuma ta yi kwana goma da safa ƙafa ɗaya, tana wankewa tana shanyawa a bayan jaka.

Rigima ta biyu a yammacin ranar ta taso. Mun kafa tanti a bakin wani rafi, kowa ya gaji liƙis. Malam ya raba aiki: wasu su tafi auna zurfin ruwa, wasu su hau tudu su zana kwarin kafin rana ta faɗi, mu biyu kuma mu hura wuta mu ɗora tukunya. Ya ƙara da cewa haka za a riƙa yi kullum. Na lissafa a raina, in haka ne za mu koma Zariya ba mu auna komai ba, rahotonmu ya zama na shinkafa da wake.

Na ce, "Malam, ni ba zan iya zuwa kusa da wuta ba."

Ya ce saboda me.

An riga an haɗa 'yar wuta. Na tsaya daga nesa, na tsinko auduga daga aljihu na ba wani ɗalibi na ce ya jefa. Ya jefa. Ta tashi fuu, har ya ja da baya yana salati.

Na ce, "Abin da ke jikina ke nan, tun daga wuya har ƙugu. Tartsatsi ɗaya ya isa."

Ya ce to in cire ta in yi girkin.

Na ce, "Kai ka ce kada kowa ya cire rigarsa bayan la'asar. Kuma na sa hannu cewa abin da ya same ni ni na jawo, don haka ni zan kula da kaina."

Wasu suka fara murmushi suna sunkuyar da kai. Ya juya ga ƙawata. Ita kuwa, da muryarta mai sanyi, ta ce ai ba za ta iya dafa wa mutum goma sha huɗu ita kaɗai ba, kuma ita ma da maki ta zo. Malamar jinya, wadda tun da muka taso ba ta sa baki a komai ba, ta ce a ganinta a yi kwana-kwana, mutum biyu kullum. Haka aka yi. Ranar da layi ya zo kaina na ɗebo ruwa, na wanke tukwane, na yanka albasa daga nesa, abokin aikina ya tsaya a murhu. Mun ci ɗanyar shinkafa, mun ci ƙonanniya, ba wanda ya mutu. Ni kuma na hau tudu na zana kwarina.

A kwana na shida yayyafi ya kama mu a kan wani dogon tudu, ba wurin fakewa. Kakin falmaran ya jiƙe, ya yi sanyi a taɓawa, amma cikin bai kwanta ba, da muka tsaya na matse gefe-gefe, iska ta busar da shi kafin magariba. Rigunan sito suka sha ruwa suka yi nauyi, aka yi kwana biyu ana shanya su a kan duwatsu. Ta Malam, wadda ya zo da ita daga Ingila, ta gashin agwagwa ce. Ta lafe a jikinsa kamar yadda dattijon Sabon Gari ya faɗa. Na gan shi zaune a bakin tanti ya lulluɓa da bargo, leɓensa yana rawa. Muka haɗa ido. Har muka rabu da kwalejin bai taɓa ta da maganar ba, kuma sunan Katifa bai bar ni ba. Da suka ga ina amsawa, har ina rubuta shi a bangon littafina, sai daɗin kiran ya ragu.

Mura ta jira ni sai da muka sauko. Tun a mota na ji maƙogwarona yana kaikayi, na yi ta haɗiye tari har muka shigo Zariya. Ina shiga gida na faɗi. Mako guda ina kwance, zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, hancina kamar an toshe da tsumma. Inna ta tafasa ganyen darbejiya da lemun tsami, ta lulluɓe ni da gwado a kan tukunya ina siraci, tana yi tana faɗa, wai taurin kai ne zai kashe ni. Na roƙe ta don Allah kada maganar ta fita daga ɗakin nan. Na aika wa ƙawata ta ce a kwaleji rahoto nake rubutawa.

A rana ta huɗu ƙanwar Baba ta zo, wadda ta fi kowa cewa kada a bar ni in tafi. Na ji sallamarta daga zaure. Na yi wuf na tura tukunyar ƙarƙashin gado, na goge fuska, na ɗaura ɗankwali, na jawo littafi na buɗe a cinya. Ta shigo ta zauna a bakin gado tana shaƙar ƙamshin ganye, tana dubana sama da ƙasa.

Ta ce, "To, 'yar dutse, an dawo. An ce sanyin can yana kashe mutum. Yaya kika ji shi?"

Na haɗiye tarin da ya taso mini, na ce da muryar da ni kaina ban gane ta ba, "Gwaggo, wane sanyi?"